Kujerar Moliyer

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma ba su faɗa mana wace ƙofa za ta buɗe ba. Ni dai na yi zaton na san ƙofar, ranar da na tasa ƴan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta lisenmu gaba, su goma sha biyu, muka bar Damagaram da asuba cikin motar Yamai, daga can jirgi ya kai mu Faransa. Wata makaranta ce da muke abota da ita a kudancin ƙasar ta gayyace mu cikin watan Yuli, lokacin bikin wasannin kwaikwayo na birnin Abinyon, wanda Jean Vilar ya kafa a 1947.

Wata shida muka yi muna shiri. Ƙarfina duka na zuba shi a kan L'Avare na Moliyer, wasan 1668, labarin tsohon marowacin nan da ya binne akwatin kuɗinsa a lambu. Kowane yaro ya haddace rabonsa har da wurin yin numfashi. Wasan Hausa kuwa yaran ne suka ƙaga abinsu, a kan wani Alhaji mai hatsi da ke ɓoye gero lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, yana jiran kuɗin tiya ya tashi. Ko awa biyu a mako ban ba shi ba. Ga shi harsunan biyu nake koyarwa, amma a zuciyata ɗaya karatu ne, ɗaya wasa.

Daren da muka yi wasa a zauren makarantar, Moliyer ya sami tafi irin wanda ake yi wa baƙo don kara. Da aka zo na Hausa, na taƙaita labarin da Faransanci, na koma gefe gabana na faɗuwa. Alhaji na shigowa, tasbaha a hannu, baki na salati, ido na ƙirga buhuna, sai zauren ya kece da dariya. Bayan an tashi, malamar da ta sauke mu ta roƙe ni rubutun wasan, tana son a fassara shi ɗalibanta su yi. Na ce mata babu. Na bayyana mata cewa haka Yazi Dogo da abokansa suka yi suna, haka ƴan Samariya suka yi nasu: a daidaita kan labari, a raba fitowa, kowa ya zo da maganarsa daga bakinsa. Har da ɗan alfahari na faɗi haka.

Alfaharin bai wuce kwana huɗu ba. A Paris, kan hanyarmu ta dawowa, aka zagaya da mu gidan wasa na Comédie-Française, wanda aka kafa a 1680, shekara bakwai bayan rasuwar Moliyer. A can, cikin akwatin gilashi, akwai wata tsohuwar kujera da fatarta ta ƙoƙe. A kanta ya zauna ranar 17 ga Fabrairu 1673, yana wasan Le Malade imaginaire karo na huɗu, a daren kuma ya cika. Mai yi mana jagora ya ƙara da cewa suna ajiye da littafin La Grange, ɗan ƙungiyarsa, wanda ya riƙa rubuta wasan da aka yi kowace rana da kuɗin da aka samu. Sai wata ɗalibata ta matso, ta ce a hankali: "Mushe, to shi Alhajinmu, in mun gama bak mun watse, ina za a same shi?"

Ban sami amsa ba. Tun daga 1976 jihohin ƙasar nan suka yi ta karawa da juna a bikin matasa na ƙasa, an yi wasanni da Hausa waɗanda iyayenmu ke ba da labarinsu har yau. Nawa daga cikinsu ɗalibina zai iya ɗauka ya karanta? Tanimoune na André Salifou yana nan, an buga shi a 1973, domin an rubuta shi, da Faransanci. Na Hausa kuwa, mafi yawansu suna cikin tsofaffin faifan rediyo da talabijin, ko cikin kan dattawa. Ashe ba gwaninta aka fi mu ba, adana aka fi mu.

Da muka dawo gida, na ce sai mun rubuta wasanmu. Yaron da ya fito a Alhaji ya ƙi. Ya ce: "Mushe, in aka rubuta, gobe bakina ya mutu ke nan." Yana da gaskiyarsa, domin maganarsa mafi daɗi a kan dandamali take zo masa. Muka daidaita a kan mu bar rabin kowane shafi fari, saboda abin da ɗan wasan gobe zai ƙara.

A nan kuma wata kunyar ta fito, tawa ce ba tasu ba. Yaran da ke cika shafi shida da Faransanci sun kasa raba k da ƙ, suna rubuta "tch" a wurin c, "ou" a wurin u. Mako uku muka yi kafin Alhaji ya zauna daidai a takarda.

Waɗannan yara sun watse kamar yadda ɗalibata ta faɗa. Tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024, irin wannan tafiya ta yi wuya, kuma ɗalibaina na yanzu kan tambaye ni ko su ma za su ga kujerar. Ba na yi musu alkawari. Kayen nake miƙa musu. Bara wani aji ya ɗauke shi, suka canza kusan rabin maganganun, suka mai da geron shinkafa, farin gefen shafi ya cika da rubutunsu. Yanzu duk wasan da za mu fara, kafin a raba fitowa, sai an naɗa wanda zai riƙe alƙalami.