Rahoto Bakwai

Bayan isha'i, in an kawo wuta a Malumfashi, nakan buɗe kwamfuta in duba abin da ya taru. Manhajar ta kowa ce, kyauta ake ɗauka, mu 'yan sa-kai ke kula da ita. Duk sanda ta tsaya cak a hannun wani, da kanta take aiko mana rahoton inda ta yi tuntuɓe. Aikina shiƙa ne: in haɗa masu kama da juna, in zubar da ƙaiƙayi, matsalar da ta fi yawan rahoto in ɗora ta sama.

Da kakar bara ɗan kawuna, mai sayen masara a ƙauyuka yana kaiwa Funtua, ya kira ni hankali tashe. Lissafin bashinsa ya ƙi buɗuwa. Sunan fayil ɗin "kuɗin ƙauye", kuma ɗ da ƙ ɗin nan ne suka shaƙe manhajar. Na bi jerin har ƙasa, na tarar da matsalar, rahoto bakwai kacal, da alamar "ba gaggawa". Ni na sa alamar, wata biyar baya.

Ƙidayar ba ta yi ƙarya ba, masu intanet take ƙirgawa. Kwamfutarsa kuwa ba ta taɓa aiko komai ba, don data ta waya ce, tsada gare ta.

Gyaran layi uku ne. Ya karɓi kuɗinsa wurin mutum tara. Na goman ya rantse ya biya tun tuni.