Haƙorin Manomi

A wani ƙauye kusa da Dambatta akwai wani manomi mai son rake da alewa, amma bai damu da aswaki ba. Ana tsakiyar damina sai haƙorinsa ya ruɓe. Kuncinsa ya kumbura, ciwo ya hana shi barci, ciyawa ta fara cin geronsa.

Ya sa kanumfari a ramin. Ciwon ya lafa, kashegari ya dawo. Sai ɗansa ya kai shi wurin likitan haƙori a Kano.

Likita ya duba, ya ce, "Baba, haƙori yana da saiwa kamar itace. A cikin saiwar akwai 'yar siririyar hanya inda jijiya take. Ƙwayoyin cuta sun shiga can. In muka kashe su, ba sai an cire haƙorin ba."

Ya yi masa allurar kashe zafi. Ya kewaye haƙorin da roba don kada miyau ya shiga, gama miyau ma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ya kankare hanyar da 'yan ƙarafa masu kama da allura. Ya yi ta wanke ta da ruwan magani mai kulorin, irin wanda Henry Dakin ya haɗa a 1915 don wanke raunukan sojoji. Sa'an nan ya zuba wani farin magani, ya toshe ramin.

Bayan kwana bakwai ya cike hanyar sarai. Manomi ya koma gonarsa da haƙorinsa, da aswaki a aljihu. Rigakafi ya fi magani.