Jordi ya ƙi zama Jorge

'Yan uwana ɗaliban Arewa, binciken mastas ɗina kan sunaye ya kai ni Kataloniya, yankin Barcelona a Sifaniya. Jordi asalinsa Girkanci ne, ma'anarsa manomi, kusan Nomau ɗinmu. Montserrat sunan dutse ne mai haƙora kamar zarto. Laia gajeren Eulàlia ne, wato mai daɗin magana. Pau kuwa Bulus ne, kuma a harshensu yana nufin zaman lafiya.

Zamanin mulkin Franco, dole a yi wa Jordi rajista da sunan Jorge, sai a 1977 aka sauya dokar. Mu a nan Kudu ba mai tilasta mana, amma sai ka ji Ɗanlami ya koma "Dan" wai kada lakcara ya wahala. Haba! Faɗi sunanka cikakke, za su koya.