Mai Sikeli Na Filin Jirgin Maiduguri

A unguwar Bulumkutu ta birnin Maiduguri, ba nisa da filin jirgin sama, akwai wani dattijo wanda ba ya bukatar agogo. In yana zaune bisa buzunsa a ƙofar gida ya ji rugugi ya taso daga yamma, sai ya karkata kunne kaɗan, ya ce wa na kusa da shi, "Na Abuja ne, yau ya makara." In kuwa ya ji wani yana kaɗa iska fat-fat-fat, sai ya ce mai saukar ungulu ne, ya nufi wajen Dikwa ko Munguno. Ba safai yakan yi kuskure ba. Dalili kuwa shi ne shekara talatin da 'yan kai ya yi cikin filin nan yana akawun awon kaya, tun zamanin kamfanin Nigeria Airways har kamfanin ya daina aiki a 2003. Daga nan ya ci gaba da riƙe sikeli duk lokacin jigilar alhazai, har ran da ƙarfi ya gaza.

Mutane da yawa sun ɗauka mai awon kaya mutum ne marar tausayi. Shi kansa dattijon yakan yi dariya in ya tuna wata tsohuwa da ta dube shi sama da ƙasa bayan ya ce jakarta ta yi nauyi, ta ce, "Ɗan nan, yanzu ƙullin daddawa da 'yar bandar nan su ne za su hana wannan ƙaton jirgi tashi?" Ya ce mata, "Iya, da naki ne kaɗai da ba kome." Gaskiyarsa kuwa. Babban jirgi irin Boeing 747 yakan kwashi maniyyata wajen 500 a tashi guda. In kowannensu ya ɓoye kilo 10 na ƙari, an sami tan 5 ke nan wanda matuƙi bai san da zamansa ba. Ba kuma yawan nauyin kaɗai ake dubawa ba, har da inda aka ajiye shi, domin in ya taru a baya ko ya rinjaya gaba, jirgin ba zai ɗaga yadda aka lissafa ba. Takardar da ake haɗa wannan lissafi a kanta, sai matuƙi ya sa mata hannu kafin a rufe ƙofa.

A Maiduguri kuwa lissafin ya fi na wasu wurare tsanani, saboda zafi. Cikin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yakan haura 40 da rana tsaka. Iska in ta yi zafi sai ta yi shara-shara, fiffike ba ya samun abin dogara sosai, inji kuma ba ya ba da ƙarfinsa duka. Titin tashin jirgi bai wuce kimanin kilomita 3 ba, ba kuma za a ja shi ya ƙara tsawo don rana ta yi zafi ba. Saboda haka ko dai a rage kaya, ko a rage mai, ko a jira dare ya yi sanyi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa alhaji yakan wuni a sansani yana gunaguni, sai an raba dare a ce ya tashi ya hau layi. Man jirgin ma da ake taƙama da shi ba a bayan gari ake haƙo shi ba. A tankar mota ake jawo shi daga Kudu, daga Ikko tafiyar fiye da kilomita 1,500 ce, in tanka ta kwana a hanya jirgi ma ya kwana a ƙasa.

In zafi ya wuce, damina ta wuce, sai hazo. Ƙurar da kan turnuƙe Barno da hunturu daga arewacin Chadi take tasowa, daga wani busasshen kwari da ake kira Bodele, kuma Maiduguri tana cikin manyan garuruwan Nijeriya da takan fara isa. Wata rana mutum yana tsaye a bakin zauren fasinja ba zai hangi ƙarshen titin jirgi ba. To, a nan ne zaman kusa da iyaka yake nuna halinsa. Daga Maiduguri zuwa babban filin Njamena, ta sama bai fi kilomita 200 da 'yan kai ba, alhali Yola tana da wajen 300, Kano kuwa wajen 500. Amma jirgin cikin gida cike da fasinjojin da ba su riƙe da fasfo ba ya faɗa wa wata ƙasa haka kawai, in ba larura ta kai larura ba. Sai ya juya Kano ko Yola, ko ya koma inda ya fito, da man da aka ɗora masa musamman domin irin wannan rana. Man nan kuwa nauyi ne, nauyin kuma a takardar mai sikeli yake fita.

Sunan filin na ƙasa da ƙasa ne, a 2023 kuma aka sa masa sunan Muhammadu Buhari. Sai dai dattijon yakan ce ba allon da ke bakin ƙofa ke mai da fili na ƙasa da ƙasa ba, mutanen da ke tsaye a ciki ne. Ran da jirgi zai ƙetare iyaka, sai kwastan sun zauna, sai jami'an shige da fice sun buga hatimi a kowane fasfo, sai ma'aikatan lafiya sun duba katin allurar shawara da ta sanƙarau, sai na hasumiya ya yi magana da takwaransa na ƙasar da za a ratsa. Hatta 'yan kwana-kwana, waɗanda fasinja ke gani zaune a inuwa kamar ba su da aiki, in motocinsu da ruwansu ba su kai adadin da girman jirgin ke bukata ba, doka ta hana shi sauka. Ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, jirgi ya tsaya.

Hanyar gabas da jiragen alhazai ke bi ba baƙuwa ba ce a gidansu. Kakansa a ƙasa ya tafi Makka, ta Dikwa da Kusiri da Fort Lamy, wadda aka mai da sunanta Njamena a 1973, ya bi ta Abeshe da Fashir har bakin Bahar Maliya. Shekara bakwai ya yi kafin ya komo, ƙanensa da suka tafi tare kuwa a Sudan ya yi zamansa, kamar dubban Hausawa da Fulani da Barebari. Jiragen farko ma sawun matafiyan nan suka bi. Waɗanda suka fara sauka Kano a 1925 ta Maiduguri suka biyo, kuma tun daga 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙin Ingila da ake harhaɗawa a Takoradi sukan yada zango a nan kan hanyarsu ta zuwa Hartum da Alƙahira. Tafiyar da ta ci wa kakan shekaru, jikan yana kallo ana yin ta cikin awa huɗu ko ɗan fiye. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jiragen suka koma yin zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin mai ya ƙaru.

Abin mamaki, duk dubban jakunkunan da mutumin nan ya ɗora bisa sikeli, tasa ba ta taɓa hawa ba. Albashin akawu bai kai shi Makka ba. Sai bayan ya ajiye aiki 'ya'yansa suka haɗa kuɗi, suka ce tun da na Hajji bai cika ba, to, ya je Umra da azumi. Ashe ƙaddara ta riga su. Da asubahin Litinin 2 ga Disamba 2013 'yan Boko Haram suka kai hari sansanin sojan sama da ke manne da filin, aka kafa dokar hana fita, jiragen fasinja kuma suka ɗauke ƙafa. Daren nan a ƙarƙashin gado jikokinsa suka kwana. Watanni suka yi ta wucewa, kunnen da ya saba da jirgin safe da na yamma bai ƙara jin kome ba sai na yaƙi.

A ƙarshen Yunin 2014, gab da kama azumi, masu niyyar Umra suka taru da fatan za a kwashe su daga Maiduguri, amma hukumomin tsaro suka ce filin yana hannun soja, ba dama. Abin da ya rage shi ne mota zuwa Kano, wajen kilomita 600, ta hanyar Damaturu. Kowa a garin ya san abin da hanyar nan take nufi a lokacin, domin a Satumbar 2013 aka tare matafiya a Benishek aka kashe fiye da mutum 100.

Babban ɗansa ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, a haƙura sai baɗi. Allah ya ga niyya."

Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "Kai ka ba ni tabbacin baɗi?"

"A'a, Baba."

"To, ɗauko mini jakar."

Kafin ya fita sai da ya rataye jakar a ɗan sikelin hannu da yake ajiye da shi, ya cire kwalbar man shanu da matarsa ta cusa a ƙasan kaya ba da saninsa ba. Suka bar gari da hantsi, bayan an buɗe hanya. Daga Auno zuwa Jakana, Mainok, Benishek, Ngamdu, ba wanda ya yi hira a motar, sai motsin leɓe da ƙarar carbi. Ko'ina shinge, a sauka, a ɗaga hannu, a wuce a ƙafa, a sake hawa. Ƙonannun motoci na gefen hanya, gidaje ba rufi. Sai da suka wuce Fataskum aka ji wani ya yi tari ya tambayi ko akwai mai goro. Sun shiga Kano da dare. A filin jirgin Malam Aminu Kano wani saurayi ya ɗora jakarsa bisa sikeli, ya dubi allo, ya ce, "Alhaji, daidai take, ko ɗigo ba ta ƙaru ba." Bai gaya wa yaron ko shi wane ne ba.

A tsakiyar 2015 jiragen fasinja suka komo Maiduguri, bayan wajen shekara ɗaya da rabi. Filin da ya komo kuwa ya sami wani sabon aiki. Daga 2016 jiragen agaji masu saukar ungulu na Majalisar Ɗinkin Duniya suka riƙa tashi daga nan suna kai likitoci da magani Bama da Gwoza da Banki da Ngala da Damasak, garuruwan da galibinsu ke bakin iyakar Kamaru ko ta Nijar. Rann ma, in damina ta sauka ruwa ya yanke hanya, ta sama kaɗai ake isa gare ta. Ƙaramin jirgi irin wannan ya fi babba tsoron nauyi, har shi fasinjan akan lissafa da shi, ba jakarsa kaɗai ba. Ran da dattijon ya ji haka ya ce ai da a zamaninsa ne da an huta da gardama.

Abu ɗaya ne har yanzu yake ci masa rai. Autarsa tana aure a Njamena. Lokacin da ta haihu, matarsa ta ce lallai sai ta je wankan jego, aka zauna lissafin hanya. Ta ƙasa, sai an bi Dikwa zuwa Gamboru Ngala, a ƙetare gada zuwa Fotokol ta Kamaru, a kai Kusiri, sannan a haye kogi a shiga Chadi, iyaka biyu ke nan, ga jiran rakiyar soja. Ta sama kuwa, sai ta fara ba Njamena baya ta yi fiye da kilomita 700 zuwa Abuja, ta kwana, ta jira ranar da wani jirgin ƙasar waje zai bi ta can, ta biya kuɗin da ya isa sayen saniya. Garin da jirgi zai kai cikin ƙasa da awa guda ke nan. Matar ta saurari lissafin duka, ta ɗaure kayanta, ta ce a kai ta tashar motar Gamboru. Shi ya auna mata ƙunshin, wannan karon bai cire man shanun ba.