Dokin Kara da Gemun Auduga: Wasannin Yara a Ƙasar Ray Buba

Yaron da ya tashi a ƙasar Ray Buba ta Kamaru kafin zuwan talabijin bai taɓa jiran wani ya koya masa wasan kwaikwayo ba. Abin kallo yana bakin ƙofarsa. Tun da Buba Njidda ya kafa wannan masarauta a wajajen 1804, zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, fadar Ray ta yi suna wajen kwarjini da riƙon al'ada. Katangar ƙasa mai tsayin kusan mita 7 ce ta kewaye gidan, kuma Lamiɗo, wanda jama'arsa ke kira Baaba, ba kasafai ake ganin fuskarsa ba. Sai ranar salla ake fito da dawakai cikin lifidi, ga dogarai da jajayen kaya, ga 'yan baka rataye da kwari, kakaki da algaita da ganguna suna tashi. Manya na kallo cikin ladabi, yara kuwa hardacewa suke yi.

Kafin a cinye naman salla, hawan ya dawo hannun yara a unguwa. A samo karan dawa mai kauri, a lanƙwasa kansa, a ɗaure da igiyar rama, an yi linzami ke nan. A ɗaura masa jan tsumma a wuya, doki ya samu. Reshen ganyen gwanda, mai rami a ciki, shi ne kakaki. Gwangwanin madara kuwa, in aka ɗame bakinsa da guntuwar fatar da aka roƙo wajen mahauta, ya zama ganga. Daga nan sai rabon sarauta, kuma a nan ake daɗewa ana gardama: wa zai zama sarki, wa zai zama galadima, su wa za su yi dogarai. Amma matsayin da ya fi wuya shi ne na maroƙi. Sarki zama kawai zai yi ya rufe baki da rawani. Maroƙi kuwa dole ya ƙirƙiro wa kowane mahayi kirarinsa nan take, ya san sunan kakansa, ya san abin da zai faɗa ya sa shi zaburar da dokin karansa. In ya maimaita na jiya, a yi masa ihu a karɓe muƙamin. Da Fulatanci ake farawa, Hausa ta shigo tsakiya, domin haka muka ji ana yi a fada, inda sunayen kayan busa da na sarautu da yawa daga Hausa da Barebari aka aro su.

Hausawan da fatauci ya kawo wannan yanki, suka zauna a Garwa da Ngaundere da ƙananan zangunan kan hanya, ba goro da tufafi kaɗai suka ɗauko ba. Sun zo da wasannin 'ya'yansu. Haka suke yi duk inda suka sauka, har Wagadugu, inda wasan Dodo na watan azumi, wanda fataken Hausa suka kai, ya zama na 'yan gari. A gidajenmu sunansa tashe, kuma azumi na cika kwana 10 ake fara shi.

Shirin ma kansa wasa ne. Ƙasar auduga ce, don haka gemu bai taɓa yi mana wuya ba. A liƙa wa yaro audugar da ƙaro a haɓa, a cusa masa matashin kai a ciki, a zumbula masa babbar rigar mahaifinsa tana jan ƙasa, a rataya masa gafaka, ya riƙe allo da carbi, ya zama malam. Bayan an sha ruwa sai a tsaya a zaure a yi sallama, uwar gida ta ce a shigo. 'Yan amshi su zargi malam da cewa an gan shi yana rawa, shi kuma ya musa, ya kama gemu yana rantsuwa, alhali ƙafarsa na motsi da kanta. Ana kai wa wani gaɓa sai ya manta da girmansa ya cashe, tumbi na rawa, gemu na zubewa. Matan gida su yi ta dariya har da riƙe ciki. Mai gida, wanda wataƙila shi ma malamin ne, ya murmusa ya miƙo dala ɗaya ko ya ce a auno musu gero. Yara 'yan shekara tara da goma ne suka faɗa wa manya cewa mai hani ma yakan aikata abin da yake hanawa, kuma ba wanda ya ji haushi.

Akwai Jatau mai magani, wanda ke shimfiɗa saiwoyi da ƙulle-ƙulle yana lissafa cututtukan da kowanne ke warkarwa. Akwai Tsoho da gemu. 'Yan mata kuma nasu daban ne. A Mairama da Daudu, yarinya ɗaya ta sa riga da hula ta zama miji, ɗaya ta zama amarya, a shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa da tuwo ta durƙusa, sauran na gaya mata yadda ake zama da miji. Ƙwarya kife a cikin ruwa ita ce gangarsu, ludayi ne makaɗi.

Da kaka, in wata ya yi fari, dandali na 'yan mata ne. Su yi da'ira suna tafi, ɗaya ta shigo tsakiya ta juya baya, ta saki jiki ta faɗo, su cafe ta su cilla sama, ta dira a kan kiɗan tafin daidai. Wannan ita ce gaɗa. Mai ba da waƙa ba ta tsayawa kan abin da ta gada. Takan saka sunan saurayin wance, ta yi habaici ga wadda ta yi rowa, ta ambaci abin da ya faru a rijiya da safe. Waƙar jiya da ta yau amshinsu ɗaya, amma cikinsu ya sha bamban.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a duk wannan babu hannun babba. Yara ne ke zaɓen wasa, su raba matsayi, su haɗa kaya, su raba abin da aka samu, su sasanta in rigima ta tashi. Mai kunya ya fara daga amshi, baɗi ya riƙe fitila, shekara ta gaba a ba shi gemu. Ba a kuma rasa abin ƙi ba. Wasu wasannin ba'a ce ga gwauro ko ga wata ƙabila, kuma wanda ake yi da shi ba koyaushe yake dariya ba. A ƙasar da Fulani da Hausawa ke zaune da Dii da Mbum da Laka da Dama, irin wannan ba'ar ba abin kewa ba ce. Yarinya kuma, tana cikin ganiyar iya waƙa, sai a ɗaura mata aure, dandali ya yi rashinta.

Waɗannan wasannin ba su mutu dare ɗaya ba. Madatsar ruwa ta Lagdo ta fara aiki a 1982, lantarki ya ƙaru a birane. Talabijin ta ƙasa ta zo a 1985. Daga 1990, da fim ɗin Turmin Danya, finafinan Kano suka fara fitowa, kaset ɗinsu ya tsallako iyaka ta Yola da Mubi, gidajen kallo suka buɗe a unguwa-unguwa. Dalar da yaro ke samu a tashe sai ta koma kuɗin shiga kallo. Daga baya waya ta shigo aljihu. Sai kuma tsoro, wanda a ganina ya fi duk waɗannan ɓarna. 'Yan fashin hanya da ake kira zargina, sannan masu satar mutane don kuɗin fansa a Mayo-Ray da wajajen Tuboro, sun sa iyaye rufe ƙofa da wuri. Uwar da ta hana ɗanta yawon dare a irin wannan hali ba ta yi laifi ba.

Makaranta ta ɗauki wani sashe na nauyin. Tun 1966 ake bikin ranar matasa a Kamaru kowace 11 ga Fabrairu, kuma a makon ne ɗalibai ke yin raye-rayen gargajiya da gajerun wasannin kwaikwayo a gaban manyan gari. Ina yaba wa malaman da ke wahala a kan wannan, galibi ba tare da ko sisi ba. Sai dai malami ne ke rubuta wasan, yawanci da Faransanci, yaro ya hardace ya maimaita, sau ɗaya a shekara. Yana koyon tsayuwa gaban jama'a, amma ba a barinsa ya ƙirƙiro ko jimla ɗaya da harshen da yake mafarki da shi.

A Nijeriya an samu waɗanda suka farga da wuri. Umaru Dembo ya rubuta Wasannin Yara, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, duk a farkon shekarun 1970, aka sa su a hannun 'yan firamare. A nan, marigayi Eldridge Mohammadou ya wallafa tarihin Ray Buba a 1979, ya adana mana labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe. A 2006 kuma an shigar da fadar cikin jerin wuraren da Kamaru ke neman UNESCO ta amince da su. Katanga tana da masu yaɓe ta kowace shekara. Wasannin yaran da suka girma a gindinta kuwa suna bakin tsofaffin mata, kuma kullum raguwa suke yi.

Kirana ga masu unguwanni da malaman makaranta, na boko da na allo, da iyaye mata musamman: in azumi ya kai goma, a ware fili ɗaya mai haske a cikin unguwa, manya su zauna daga gefe su tsare, a bar yara su shirya abinsu da kansu. Mai waya kuma ya je wurin kakarsa tun tana da ƙarfin tafi, ya ce: "Iya, yi mini waƙar gaɗarku," ya naɗa, ya kunna wa ƙannensa.