Daga Madani Zuwa Mai Wurno Da Kulocin 'Yan Tsere

Duk wanda ya zauna a ƙauyukanmu na gaɓar bahar ya san cewa idan harif ya kankama, boksi guda ɗaya shi ne kasuwa, shi ne asibiti, shi ne kuma mai kai amarya. Ranar da ya kwanta, gari ya kwanta. Irin wannan boksi kawuna yake da shi, tsohuwar Toyota Hilux mai shan gas, a wani ƙauye da ke yamma da Mai Wurno, tafiyar kamar awa ɗaya daga kwalta idan ƙasa ta bushe. A watan Agusta na 2019 na raka shi ɗauko ta daga gareji a Wad Madani, kuma labarin wannan tafiya nake so in ba ku.

Abin da ya kai motar gareji kuloci ne. Sau biyu yana ƙonewa cikin shekara guda, saboda lodi da taɓo. Da ɗan kawu da ke aiki a Saudiyya ya ji, sai ya aiko da wani a cikin kwali mai sheƙi, ya ce irin wanda samarin can ke sa wa motocinsu na tsere da hawan tudun rairayi ne, ba ya ƙonewa. Da Usta ya buɗe kwalin a unguwar makanikai ta Madani, sai ya daɗe yana jujjuya shi. Faifan kuloci da muka sani zagayayye ne, da fata a kowane gefe, a tsakanin fatun kuma akwai siririn ƙarfe mai lanƙwasa wanda yake lotsawa a hankali idan direba na sakin ƙafa. Wannan lotsawa ita ce ke sa mota ta tashi cikin lallashi. Shi kuwa wannan baƙo fuka-fukai shida gare shi, kowanne da ɗan guntun haɗin tangaran da tagulla, babu abin da ke lotsawa. Murfin da ke matse shi ma ya fi na asali tauri nesa.

Usta ya ce, "Alhaji, zan ɗaura maka, amma ka sani wannan abu magana biyu ya iya, i da a'a. Bai san wataƙila ba."

Kawu ya ce, "Ya Usta, yaro ya kashe kuɗinsa. Ɗaura."

Aka sauke giyabos, aka kai babban faifan injin wurin masu sassaƙar ƙarfe suka goge fuskarsa, domin sabon kuloci ba ya zama daidai a kan fuskar da tsoho ya ƙona. Usta ya gargaɗe mu a yi kilomita kamar 800 ana lallaɓa shi, ba lodi mai nauyi, ba fizga, har fuskokin biyu su saba da juna. Kawu ya ce to. Kafin mu bar gari ya riga ya ɗauki buhun sukari biyar, da jarkokin man girki, da fasinja tara.

Tun a cikin Madani muka gane halinsa. A kowace mararraba sai motar ta yi karkarwa kamar mai masassara, sannan ta zabura. Sau uku injin yana mutuwa, masu raksha na bayanmu suna ta oda. Wata dattijuwa da ke zaune a baya ta buga rufin mota ta ce, "Alhaji, rago ka saya ko mota? Wannan tunkuyi fa?"

Da muka hau kwaltar Sinnar abin ya lafa, don a kan hanya doguwa ba ruwan direba da kuloci. Tsakanin Madani da Sinnar kusan kilomita 100 ne, ƙasa shimfiɗe kamar tabarma, dawa da gyaɗa sun yi kore shar a cikin hawasha, tur'a tana bi ta gefe, daga gare ta ruwa ke shiga Abu Ishrin, daga nan ya shiga Abu Sitta har gindin shuka. Nan da can sai ka hango kambo, 'yan ɗakunan laka a bakin tur'a, inda da yawa daga iyayenmu suka fara zama lokacin da suka zo tsinkar auduga. Muka wuce Hajj Abdalla lafiya. Muna dab da Wad al-Haddad sai kawu ya taka totur zai wuce wata tarakta, injin ya yi kuka, amma gudun mota bai ƙaru ba. Kuloci yana zamewa ke nan, sabo fil, wanda aka ce ba ya zamewa.

Muka tsaya wurin wata mai shayi. Kawu bai ce uffan ba, ya sa hannu ya danna fedar kuloci, ya ji ta a ɗaure tun daga sama, babu ko ɗan wasa. A nan ya gane abin da ya faru, kuma zan ɗan tsaya a kai, don na ga direbobi da yawa suna sauke giyabos a banza saboda wannan. Kulocin Hilux da man birki yake aiki. A bayan feda akwai 'yar sanda mai noti wadda ke tura famfon sama, shi kuma ya tura mai zuwa famfon ƙasa da ke jikin giyabos. Sabon kulocin yana kamawa ne can ƙasa kusa da daɓe, to sai yaron gareji ya tsawaita sandar don ya ɗago shi. Da ya wuce kima, famfon sama ya daina komawa mazauninsa, ya toshe 'yar ƙofar da mai ke bi ya koma kwalba. Mai ya yi zafi ya kumbura, bai sami wurin komawa ba, sai ya zama kamar direba ya ɗora ƙafa a kan feda bai sani ba.

Kawu ya kwanta rigingine, kai a ƙarƙashin sitiyari, ƙafa a waje, ni ina riƙe masa tocila. Ya sassauta noti da sifana, ya murɗa sandar baya rabin zagaye, ya taɓa, ya ƙara rabi. Littafin Toyota ya ce wasan feda ya kasance tsakanin milimita 5 da 15. Mu ba mu da abin awo, sai ya gwada da kaurin ƙaramin yatsansa. Ya ce idan kuma wasan ya yi yawa, kuloci ba zai saki duka ba, giya ta riƙa gurzawa. Gwajinsa shi ne a tada injin, a taka feda har ƙasa, a ƙirga uku, a sa ribas. In ta shiga shiru, an dace. Ta shiga shiru. Muka sha jabana, muka kama hanya.

A Sinnar mun sauke mutum biyu kusa da kasuwa. Daga can ana hango madatsar da aka gama a 1925, wadda ita ce uwar duk ruwan da muka baro a Jazira. Daga nan zuwa Mai Wurno ba nisa, a kan hanyar Sinja da Damazin. Ban taɓa shiga garin nan ban tuna cewa waɗanda suka kafa shi a ƙasa suka zo ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas, har suka sauka a bakin wannan kogi. Wasu kuma hajji suka nufa, guzuri ya ƙare, suka tsaya noma don su tara, daga nan aka yi aure aka haihu. Muna sallar la'asar a can hadari ya haɗo daga kudu. Wani dattijo ya ce wa kawu, "Malam, ku kwana mana." Kawu ya ce akwai mai ciki a gida da wata ya kama, ba ya son mota ta kwana a waje.

Kun san baƙar lakar nan tamu. Da rani takan tsage har ƙafar akuya ta faɗa, da ruwa ya taɓa ta kuma sai ta kumbura ta zama sabulu a sama, danƙo a ƙasa. Tuƙi a cikinta duk na ƙafar hagu ne. Direban kirki yakan riƙe kuloci rabi da rabi, yana ba taya ƙarfi kaɗan-kaɗan don kada ta juya a banza. Wannan riƙon ne ke ƙona kulocin asali, gaskiya ne, amma kuma shi ne ke fid da mota. To namu ba shi da rabi. Mun yi kamar minti ashirin da barin kwalta muka zo wani kwari da ruwa ya kwanta, kawu ya rage gudu don ya zaɓi sawu, da ya saki ƙafa sai tayoyin baya suka fizga gaba ɗaya. Kafin ya ɗaga ƙafa daga totur sun haƙa rami, korona ta zauna a kan laka.

Maza suka sauka. Muka rage iskar taya, muka haƙa da hannu da shebur, muka saro ƙaya da kara muka shimfiɗa. Ya gwada da giya ta biyu don ƙarfi ya ragu, injin ya mutu. Ya gwada da ta ɗaya, ta watsa mana laka har baki. Kowace zabura sai ka ji ƙarfe ya yi ƙara a ƙarƙashi, kawu yana cije leɓe, domin bugun da fatar kuloci ta saba shanyewa yanzu giyabos da aksul ne ke shan sa, su kuwa ba a samun su a ƙauye. Magariba ta yi, sauro ya fito.

Allah ya kawo wata Sifinja daga wajen gonakin riɗi. Ga yaran yanzu da ba su san ta sosai ba, ita ce Bedford ta Ingila wadda maƙeran Sudan suka mayar tasu, suka ƙara mata ƙarfin ƙashi da sifirin har tana ɗaukar fiye da abin da masu ita suka tsara, aka kuma sa mata sunan silifas saboda taushin tafiyarta. Direban ya ɗaura mana sarƙa ya fisge mu kamar kaza. Da ya ji labarin kulocin sai ya yi dariya, ya ce su ma suna canja kusan komai a jikin mota, amma don lodi da hanyar nan suke canjawa, shi kuwa wannan an yi shi ne don yaron da ke son ya riga abokinsa tashi. Bai karɓi ko sisi ba. Mun isa gida bayan isha, mai cikin kuma sai bayan kwana huɗu ta bukaci mota, da rana tsaka, hanya a bushe.

Kada in zalunci kulocin, yana da ranarsa. Da kaka ta yi aka fara jigilar riɗi da dawa zuwa Sinja, boksin yakan hau gangaren tur'a da cikakken lodi ba zamewa, ba warin ƙuna. Kawu ya koyi zama da shi. Yakan ɗan ƙara totur fiye da da, ya saki ƙafa har inda ya fara cizo, ya dakata kamar ƙiftawar ido, sannan ya saki duka. Ba ya tsayawa a hawa idan da hali, kuma idan ya hango taɓo tun daga nesa yake zaɓar giya ya shiga da gudunsa, ba ya taɓa feda sai ya fita. Duk ranar Juma'a yakan gwada wasan feda da yatsa, ya duba mai a kwalba. Amma taurin fedar ya cinye robar famfon sama sau biyu, gwiwarsa ta hagu kuma ta fara ciwo, har matarsa takan gasa masa da ruwan zafi.

Shekara biyu ya yi da shi. A 2021 aka sauke giyabos, aka tarar guntayen tangaran ɗin ko rabi ba su ci ba, amma sun yi wa babban faifan injin kwari har ba ya goguwa, sai da aka sayi wani na hannu. Kawu ya sa kuloci mai fata, irin mai ƙarfi da ake yi don motocin lodi, bai kuma gaya wa ɗansa ba sai da ya zo hutu.

Hanyar da na ba ku labari ta ga abubuwa bayan haka. Yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023, ya iso Madani a Disamba na wannan shekara, ya iso Sinja a Yuni 2024, kuma jama'armu da yawa sun bar gidajensu a cikin irin waɗannan motoci. Boksin kawu ya yi sawu uku yana kwashe iyali da maƙwabta a cikin harif, mutum a kan mutum. Shi kuwa faifan mai fuka-fukai shida, rabona da shi yana rataye a jikin bishiyar dalbejiya a ƙofar makarantar allo, almajiri yana buga shi da ƙusa idan lokacin karatun asuba ya yi.