Ƙamshin Ɗakin Kaka: Abin da Muka Tarar a Agadas



Bayan rabon asusun bara, mu shida daga ƙungiyarmu ta Damagaram muka haɗa abin da ya samu, muka ce bari mu je Agadas saro. Niyyarmu ciniki ce zalla: cuku, dabino, gishirin kantu da ɗan kayan turare. Mun taso da asuba cikin sanyin Disamba, muka bi ta Tanut da Adarbisanat, tafiyar kilomita wajen 450. Daga Tanut gonakin gero suka fara ƙarewa, sai ƙaya da rairayi da raƙuma. Ma'ajiyarmu, wadda a Agadas aka yanke mata cibi amma rabonta da garin ya haura shekara 20, ita ce mai surutun cikinmu. Ranar kuwa tsit ta yi har muka isa.

Abin da ido ke fara gani shi ne hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, ta laka zalla, itatuwa sun leƙo daga jikinta. An gina ta wajen 1515, aka sake ginin a 1844. Kusa da ita fadar Sarkin Abzin take. Tsohon garin unguwa 11 ne, kuma tun 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Duk wannan an gaya mana, mun kuma gani. Amma wallahi abin da ya kama mu a Agadas ta hanci ya shigo.

Washegari muka shiga kasuwa. Muna cikin tayin dabino sai iska ta kaɗo wani ƙamshi mai ɗaci-ɗaci, muka tsaya cak, kowa na kallon kowa. Tazargade ne. Wata tsohuwa ce zaune kan tabarmar kaba, ta jera shi tuli-tuli, ga filasko, ga jar kanwa, ga kajiji da jema da ƙaron hano. Ɗayarmu ta ɗebi kaɗan ta murza a tafin hannu, ta shinshina, sai ga hawaye. Ta ce: "Wannan ai ƙamshin bayan innata ne. In jikina ya yi zafi, shi take jiƙawa ta shafe ni, ta goya ni, ta yi ta zagaya tsakar gida har in yi barci." Wata ta tuna filasko, yadda ake toshe mana hanci a ɗura mana in ciki ya ɗaure, muna ihu ana dariya. Wata ta ce ita kanwar nan ɗakin jegon yayarta ta tuna mata, da kunun da ake damawa da sassafe, mu yara muna raɓe a bakin ƙofa muna jiran a sam mana ragowa.

Muka ce wa tsohuwar: "Iya, wa ya koya miki haɗin nan?" Ta ce kakarta. Muka ce ita kuma wa ta koya wa? Ta juya hannu, ta ce: "'Ya'yana, wa zai zauna? Jikokin duk na kwalba suke so."

Gaba kaɗan, layin dukawa, warin jima ya tare mu, fatar da aka jiƙa da bagaruwa. Nan take muka tuna salkar da ake ratayewa a rumfa, da ruwanta mai sanyi da ɗanɗanon fata, da layar da aka ɗaura mana a wuya muna tsotsa. Wajen masu rawani kuma ƙamshin shuni ne, na turkuɗin da Buzaye ke naɗawa, wanda tun kaka da kakanni a Kura ta ƙasar Kano ake rina shi a buga. Haka adudun kakanninmu yake yi in an buɗe shi ranar salla. Kun ga ashe hanya ɗaya ce: gishirin Bilma da Fashi ya gangara kudu bisa raƙuma, gero da tufafi su hau arewa. Abin da muka ɗauka ƙamshin ɗakin kakarmu ne kaɗai, rabinsa ta wannan gari ya biyo kafin ya iso mana.

Da la'asar ma'ajiya ta ce mu raka ta gidansu. Muka kutsa lungunan tsohon gari, wasu mutum biyu ba sa jerawa. Ba ta tambayi kowa hanya ba. Muna shiga zaure, sanyin laka da ƙamshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa suka tarbe mu, haɗe da tsohon hayaƙin da ya kama azara. Goggonta ce kaɗai ta rage a gidan, da jikoki biyu. Ta ɗago ta dube ta, ta ce: "Ɗiyata, sai yau?" Ma'ajiya ta durƙusa ta ce: "Goggo, ki yafe ni." Ba a ƙara magana ba. Tsohuwar ta jawo kasko, ta zuba garwashi, ta barbaɗa turaren wuta, haɗin hannunta. Hayaƙin na tashi ma'ajiya ta rufe fuska da mayafi, don irinsa ne mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, take turara musu kaya.

Sai da muka sha furar dabino da cuku, goggo ta zaga da mu baya. Ɗakin kakarsu ya zube, saura bango biyu da fasasshiyar randa. Agadas ba garin ruwa ba ne, amma in ya zo da ƙarfi yake zuwa; kowa a nan yana tuna ambaliyar Satumban 2009 da ta rushe gidaje masu yawa. Ginin laka kuwa ɗan lele ne: yana son yaɓe akai-akai, a gyara indararo, a toshe tsaga kafin damina. Magada sun watsu, wasu Arlit, wasu Yamai, wasu Libiya, kowa na jiran wani ya fara. Goggo ta ce: "Ni ba kuɗi nake roƙo ba. In ɗakin nan nawa ya bi wancan, ina za ku ce gidanku?"

Daren nan, bisa shayi, muka yi magana ta gaskiya tsakaninmu. Ba mu ce duk abin da kakanni suka yi daidai ne ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna cewa yawan kunun kanwa da zafin wankan jego na iya jawo wa maijego ciwon zuciya. Filasko ma ba na mai ciki ba ne, ba kuma na jariri ba. Yaro in ya yi zazzaɓi, a kai shi likita a gwada jininsa, kada a tsaya shafa tazargade har ya galabaita. Wannan ba ma jayayya a kansa. Amma kuma wadda ta san amfanin abu ita ta san iyakarsa, kuma masu sanin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. In mun bari suka tafi da shi, 'ya'yanmu za su sayi garin magani a leda hannun wanda bai san ko sunan itacen ba.

Da muka dawo gida muka kai maganar gaban taro, aka yanke abu uku. Na farko, an ba ma'ajiya bashi daga asusu, da sharaɗin da ake ba kowa, ta aika aka yi wa ɗakin goggo yaɓe. Da 'yan uwanta suka ji, biyu suka turo nasu. Na biyu, mun sayi littafi. Kowane zama, bayan zubi, mace ɗaya za ta kawo abin da ta tambayo wajen tsohuwar gidansu: sunan abu, yadda ake haɗa shi, wa ake ba, wa aka hana. Sakatariya ta rubuta, abin da ya shafi sha kuma mu nuna wa ungozomar asibiti kafin kowa ta gwada. Na uku, mata huɗu sun fara haɗa turaren wuta da kayan da muka saro, bisa haɗin goggo, da izininta, kuma da rabonta a ciki. Kwalaben farko a bikin unguwa suka ƙare.

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a ƙasar Maradi a 1991, mun koyi cewa dala-dala ke cika akwati. To, sanin tsofaffinmu ma haka yake taruwa. 'Yar uwa, in akwai tsohuwa a gidanku, kada ki jira sai an yi sadakar uku ki buɗe adudunta kina kuka. Yau ki kai mata goro, ki zauna, ki tambaye ta.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ƙara wa na raye lafiya, ya sa albarka a asusunmu. Amin.